Kurakuran da Ake Yawan Yi Wajen Ƙera Ƙaramin Kwale-kwale a Gida

Ba laifi ba ne mai ƙaramin ƙarfi ya yi tsimi yayin ƙera kwale-kwale da hannunsa, sai dai mutane da yawa suna yin tsimin ne a daidai wurin da ruwa zai tona musu asiri.

Matsalar takan fara tun daga sayen filawud. Irin wanda ake yin kabad da shi yana da arha, amma gam ɗin da ke tsakanin fale-falensa ba ya jure ruwa, shi ya sa ba a jimawa gefensa yake kumbura yana ɓarewa kamar bawon albasa. Wanda aka yi musamman domin jiragen ruwa, mai lambar BS 1088, shi ne mafi inganci. Idan aljihu bai kai ba, a nemi wanda aka yi domin amfani a waje, a yanki guntu a tafasa shi na awa guda, a shanya, sannan a maimaita. Idan fale-falen suka rabu, a haƙura da shi.

Inda na fi jin takaicin asara shi ne wajen haɗa gam ɗin ifoksi, wato gam mai kashi biyu da ake gaurayawa: ruwan gam ɗin da sinadarin da ke daskarar da shi. Wasu suna ƙara sinadarin daskarwa da zaton zai sa ya bushe da wuri, alhali hakan yana barin sa da danƙo ne, ba ya yin ƙarfin da ya kamata. Dole ne a bi ma'aunin da ke jikin gwangwanin, ko 2 da 1 ne ko 5 da 1, a auna da kofi mai alama, kada a yi kintace da ido. Kuma a riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan, domin idan ya yi yawa a kofi yakan ɗauki zafi ya daskare kafin a shafa rabinsa. A sa safar hannu, a shafe kowane bakin filawud da aka yanka da ifoksin, domin ta nan ruwa yake fara shiga, sannan a rufe da fenti saboda hasken rana yana lalata ifoksi.

Ƙusar ƙarfe zalla tana yin tsatsa, don haka a nemi wadda ba ta yi.

Kafin gam ya kama, a ja igiya daga hancin jirgin zuwa kowace kusurwa ta baya, a tabbata tsawon ya zo ɗaya, domin jirgin da ya murɗe zai riƙa karkata gefe guda duk yadda aka tuƙa shi.

Abin da bai kamata a bari ba ko da kuɗi sun ƙare shi ne akwatin iska da aka toshe ruf a ƙarƙashin mazauni, wanda zai riƙe jirgin a sama idan ruwa ya cika shi. Gwajin farko kuma a yi shi a ruwan da bai wuce ƙugu ba, sanye da rigar kariya daga nitsewa.