Yadda za ka kare kwamfutarka da UPS idan an ɗauke wuta

UPS akwati ne mai batiri da ke ci gaba da ba kwamfuta wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke. Kafin ka saya, haɗa wat ɗin kwamfutar (yawan wutar da take ci) da na allonta, kar jimillar ta wuce abin da UPS ɗin yake ɗauka. UPS mai 650VA wat 360 zuwa 390 kawai yake ɗauka, kar lambar VA ta jikin kwali ta ruɗe ka, ba wat ba ce. Sabo kuwa, bar shi ya sha caji awa 8 tukuna.

Kada ka jona masa firintar laser, wutar da take zuƙa in tana ɗumama ta fi ƙarfinsa. In an ɗauke wuta UPS ɗin ya fara kuka, mintuna kaɗan gare ka: adana aikinka, ka kashe kwamfutar.

Batirinsa, galibi 12V 7Ah, zafi ne ajalinsa, balle a bazara. Ajiye shi inda iska ke ratsawa. In batirin ya kumbura, sauya shi.