Darasi na Bakwai: Tsohuwar Motar Lodi da Kuɗin Gyaranta

Yawancin bas-bas da ke ɗaukar kaya a kasuwanninmu sun tsufa tun kafin su shigo ƙasar nan. Kamfanin Peugeot ya fara ƙera J5 a 1981, kuma an daina yin ta tun farkon shekarun 1990, amma har yau tana cikin motocin da ke jigilar tumatir da albasa daga Arewa zuwa Kudu. Toyota Hiace ƙirar 1989 zuwa 2004 ita ma tana nan cike da tasha. Da yawansu 'yan Kwatano ne, sun gama aikinsu a Turai aka sauke su a tashar jirgin ruwa. Wanda ya sayi irin wannan mota ya san zai riƙa zuwa gareji. Abin da wannan darasi zai koya maka shi ne gane gyaran da zai iya jira da wanda ba ya jira.

Zafin inji

Babu abin da ke kashe tsohon inji kamar zafi. A Hiace injin yana ƙarƙashin kujerar gaba, ga lodi, ga ranar watan Afrilu. Matsalar takan fara da ƙaramin abu: tiyon ruwa ya tsage, murfin lagireto ya daina riƙewa, fanbel ya saki, ko famfon ruwa ya fara ɗiga. Duk waɗannan gyaran arha ne, bakanike zai gama su a yini guda.

Idan direba ya ga allurar zafi ta hau ya ce bari ya ƙarasa gari, nan ne kuɗi ke fita. Gaskit, wato faifan da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, zai ƙone, kan injin ya lanƙwashe ko ya tsage. Sai an sauke shi an kai wurin masu goge shi, a sayi sabon gaskit, a sake baƙin mai, motar kuma ta kwana a gareji. Alamar gaskit ya ƙone ba ta ɓuya: ruwa yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, farin hayaƙi yana fita daga salansa bai tsayawa, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara.

Allura ta hau, ka tsaya ka kashe mota. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, tafasasshen ruwa zai feso maka a fuska da hannu. Ruwan rijiya kuma yana barin tsatsa da gishiri da ke toshe lagireto a hankali. Ruwan sanyaya inji na cikin galan ya fi, ko da kuwa ya fi tsada. Wasu kanikawa kan cire na'urar da ke daidaita zafin ruwa su ce ta ƙasar sanyi ce. Wannan ɓoye ciwo ne kawai. A nemo abin da ya jawo zafin.

Baƙin mai da bel

Ka duba sandar mai kowace safiya kafin ka tayar da mota. Jar fitilar mai ta kama kana tafiya, ka kashe injin nan take. Injin da ya yi tafiya babu mai yakan buga, kuma daga nan sai dai a buɗe shi gaba ɗaya ko a sayo wani na Beljiyam a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas. Wannan shi ne gyara mafi tsada a jikin motar.

Hayaƙi ma yana magana. Shuɗi yana nufin injin yana shan baƙin mai, galibi ringi ne ya cinye. Baƙi yana nufin man da injin ke ƙonawa ya fi iska yawa. Ka fara duba matatar iska, musamman lokacin hunturu da ƙura ke toshe ta, kafin a taɓa nozul.

Injinan gas na Hiace, irin su 3L da 5L, suna amfani da taimin bel na roba, wato bel ɗin da ke daidaita motsin fistan da bawul a cikin inji, kuma ƙa'idarsa a sauya shi bayan kilomita 100,000. Ba ya ba da sanarwa. Idan ya tsinke mota na gudu, fistan zai doki bawul ya lanƙwasa su. Tunda ba ka san yaushe mai ita na farko ya sauya shi ba, ka sauya da zarar ka saya.

Ƙasan mota

Obalodi ne ke cin ƙasan mota. Sifirin ɗin da ke ɗaukar nauyin mota ya karye, shoka ta mutu, boris ya fara kuka, kuloci ya riƙa santsi a kan gangare. J5 da tayoyin gaba take ja, don haka idan ka ji ƙas-ƙas lokacin shan kwana, shaf ne. Waɗannan suna da matsakaicin kuɗi, wasu ma za su iya jiran ranar da babu kasuwa.

Birki da taya kam ba sa jira. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tayar gwanjo tana iya zama da zanenta ras, alhali robar ta bushe.

Yadda ake lissafin kuɗin gyara

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, farashin kayan gyara ba ya zama wuri ɗaya. Saboda haka ka tambayi shago biyu ko uku kafin ka biya. Ka sa bakanike ya raba maka kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, kuma ka karɓi tsohon abin da aka cire. Sannan akwai kashi na uku da mutane ke mantawa: cinikin da ka rasa a kwanakin da motar take ajiye. Ka sami ƙaramin littafi ka riƙa rubuta ranar gyara, abin da aka sauya, da kuɗin.

Aiki

1. A ɗauka motarka tana kawo ribar N20,000 a rana. Gaskit ya ƙone, kaya sun ci N90,000, aiki N40,000, ta yi kwana 5 a gareji. Nawa ne asarar gaba ɗaya?
2. Da a ce tiyon ruwa na N8,000 aka sauya tun farko a cikin awa biyu, nawa ka tsira da shi?
3. Ka je wurin wata mota ka karanta lambobi huɗun da ke jikin tayoyinta, ka rubuta makon da shekarar a littafinka.