Kurakuran da ke mayar da ƙaramin ciwon ido hakiya

Da kaka aka fi ganin irin wannan. Manomi na girbin gero, ganye ko ƙaiƙayi ya soke masa ido, ya murza ya ci gaba da aiki. Bayan kwana goma sai a kawo shi asibiti da farin tabo a tsakiyar baƙin ido. Abin da ya ji ciwo shi ne tantanin nan garai-garai da ya rufe baƙin ido, wanda kaurinsa kusan rabin milimita ne kacal.

Kuskuren farko shi ne kiran kowane jan ido apolo. Mai apolo idonsa na ja, yana kwantsa, amma yana gani sarai. Idan kuwa akwai raɗaɗi, mutum ya kasa kallon hasken rana, gani ya dushe, ko farin ɗigo ya fito a kan baƙin ido, to gyambo ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. A ranar ake tafiya asibiti. Ƙarzuwar da aka kai cikin kwana 2, sau da yawa man chloramphenicol na kwana 3 ya isa ya hana ta zama gyambo.

Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne maganin ɗigawa na kemis. Da yawansu akwai dexamethasone ko betamethasone a ciki. Suna kwantar da ja da zafi, mai ciwo ya ɗauka sauƙi ya zo, alhali garkuwar idon suka danne. In ƙwayar fangas ce (dangin fumfuna), wadda ita ta fi bin raunin ganye da kara, ko kuma ƙwayar hafis (mai fito da ƙuraje a leɓe), sai ta samu fili ta ci tantanin har ya huje. Don Allah a karanta kwalin, kuma in za a je asibiti a tafi da kwalbar, likita na bukatar ganinta. Haka ruwan nono, ruwan sukari, fitsari da tozali: ƙwayoyin cuta suke ƙara wa buɗaɗɗen ciwo.

A asibiti ana ɗiga wani rini mai suna fluorescein a haska shuɗin haske, gyambon ya fito kore shar. Likita zai auna faɗinsa da zurfinsa, ya duba ko a tsakiya yake, ko mugunya ta taru a ƙasan baƙin idon, wani lokaci ya kankaro kaɗan a gwada. Da wannan ake zaɓen magani, domin na fangas, kamar natamycin, daban yake da na bakteriya. A nan ma ana kuskure: an ce a ɗiga kowace awa, har da dare, sai a mayar da shi sau uku, ko a daina da zafi ya lafa. Gyambon fangas kan ɗauki makonni.

Yaron da ƙyanda ta kama, ya rufe ido ya ƙi buɗewa, kada a jira ƙurajen su bushe. Ƙarancin bitamin A kan narkar da tantanin cikin 'yan kwanaki, kuma akwai bitamin ɗin a asibiti. Wanda siminti ko ruwan batir ya faɗa wa ido kuwa, a fara kwarara masa ruwa mai tsabta na aƙalla minti 20 kafin a nemi mota.

A daina kuma rikita hakiya da yana. Yana a can ciki take, tiyatar da ake yi mata ba ta cire tabon da ke waje. Hakiya mai kauri sai dashen tantani, wanda ake samu daga idon mamaci, kuma samunsa a ƙasarmu da wuya.