Darasi na 7: Wanke kayan injin mota na alminiyom da goge su

Ɗan'uwa mai koyon aiki a gareji, wannan darasin naka ne, haka kuma direba ko ɗan acaɓa da ke son ya riƙa taɓa injinsa da kansa. Yawancin injinan da ke shigo mana gareji a nan Gombe suna da alminiyom a jiki, wato abin da wasu ke kira goran ruwa, irin dai wanda ake zuba tukwanen girki da shi. Top silinda (wato kan injin), murfin top, manifol, gidan giya, gidan altaneta, murfin injin Bajaj da Jincheng, kusan duk shi ne. Tsohuwar Fijo 504 top ɗinta alminiyom ne amma bulok, wato gangar jikin injin, ƙarfe ne, Corolla da Honda na baya-bayan nan kuwa har bulok ɗin ma alminiyom ne. In kana shakka ka ɗora maganaɗisu, ƙarfe zai kama, alminiyom ba zai kama ba.

Kamfanoni na son shi saboda nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe ne, kuma yana saurin fitar da zafi. Amma fa yana da laushi. A wajen digiri 660 yake narkewa, shi ya sa maƙera ke iya narka shi da gawayi, kuma sukudireba kaɗai in ta zame sai ta bar masa tabo. Ba ya jan tsatsa irin na ƙarfe, nashi fari ne kamar gari ko gishiri, wani lokaci da 'yan ramuka ƙanana a ƙarƙashi.

Kafin komai ka bar injin ya huce, ka cire kan batir, sannan ka kwance abin da za ka wanke ka kai shi inuwa. Kusoshi ka zuba a gwangwani guda kada su ɓata a ƙasa.

Toh wanki. Baƙin mai da ƙurar hunturu in suka haɗu sai su zama kamar kwalta, ka fara kankare mai kaurin da ɗan katako ko roba, sannan ka jiƙa da kalanzir ko man gas a cikin daro ka bi da burushin roba, tsohon burushin goge baki yana shiga lungu sosai. Na san da yawanmu fetur muke ɗauka don yana saurin bushewa, dan Allah a bari, tururinsa na bin ƙasa kuma mai walda na gefe ko mai shayi da murhunsa, tartsatsi ɗaya ya isa. Bayan kalanzir sai ruwan ɗumi da sabulun wanke kwano, ka ɗauraye sosai ka tsane da tsumma nan take, don in ruwa ya bushe da kansa yana barin farin tabo. Dattin man kuma a tara a jarka, kada a zuba a kwata ko kusa da rijiya.

Akwai abu biyu da ba sa shiri da alminiyom ko kaɗan: soda mai ci, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita, da ruwan batir. Soda tana wanke ƙarfe tas, shi ya sa yara ke ɗauka ko'ina za ta yi, amma alminiyom cinye shi take, za ka ga yana tafasa yana kumfa, kuma iskar da ke fita daga kumfan tana kama wuta. Wani yarona ya taɓa jiƙa murfin top na kwastoma a ciki ya tafi sallar azahar, ya dawo ya tarar ya yi baƙi-baƙi duk ramuka, wallahi sai da muka sayi wani. Ban ga laifinsa sosai ba, don ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa. Burushin waya na ƙarfe ma a guje shi, yana yage fuska kuma yana barin ɓurɓushin ƙarfe a ciki, damina na zuwa sai ka ga jan tsatsa a inda bai kamata ba. In farin garin nan kaɗan ne, ruwan lemon tsami da soso mai laushi yana ɗaga shi, sai a ɗauraye.

Yanzu ga inda nake so ka natsu, don nan ne ake asarar kuɗin mutane. Kowane kaya yana da fuska biyu. Akwai ta waje wadda ido ke gani, wannan ka goge yadda kake so. Akwai kuma fuskar da gasket ke zama, da mazaunin kamshaf, da cikin hanyoyin mai, waɗannan sanfefa ba ta taɓa su. Fuskar top a kamfani aka daidaita ta da inji, motoci da yawa littafinsu bai yarda ta karkace fiye da milimita 0.05 ba, abin da bai kai kaurin takardar da kake karantawa ba. Kai kana ganin ka goge ta yi kyau, alhali ka ci gefe ɗaya, ka ɗaura sabon gasket mota ta kama hanyar Bauchi, kafin Alkaleri ta fara zafi ruwa na haɗuwa da mai. Tsohon gasket da ya manne da makankarar roba ake cire shi a hankali. Sannan ka ɗora ƙarfen awo miƙaƙƙe a kai ka gwada da fila geji, wato siraran ƙarfunan auna tazara, tsaye da kwance da kusurwa zuwa kusurwa, in ta karkace ka nuna wa oga a kai wa masu skimin, wato masu sake daidaita fuskar top da inji. Kuma yashin sanfefa in ya shiga hanyar mai yana tafiya har wajen metal, wato ɓawon ƙarfen da shaf ɗin injin ke juyawa a kansu, ya cinye su, don haka ka toshe kowane rami da tsumma mai tsabta kafin ka fara guga, bayan ka gama ka sake wankewa ka hure da iska, ka tabbata ka ƙirga tsummokaran da ka sa ka cire su duka.

Gugar waje ita ce inda karatun lambobinka zai maka amfani. Juya sanfefa ka duba bayanta, akwai lamba. Ƙaramar lamba mai kaushi ce, babbar lamba mai laushi. In fuskar ta ci sosai ka fara da 320 ko 400, sai 600, sai 800, 1000, 1500, ka ƙare da 2000. Ka sayi irin wadda ake jiƙawa da ruwa, masu fentin mota sun san ta, ka ɗiga sabulu a ruwan. Kowace lamba aikinta ta share zanen da ta baya ta bari, saboda haka in ka goga 400 a tsaye ka goga 600 a kwance, sai zanen tsaye ya ɓace duka kafin ka wuce gaba. Wanda ya tsallaka daga 400 zuwa 1500 don sauri zai ga zane na nan ƙarƙashin ƙyalli, dole ya koma baya.

Sai man goge ƙarfe, kamar Autosol, ɗan kaɗan a tsumman auduga kana murzawa. Tsumman zai yi baƙi ƙirin, kada ka tsorata haka yake, ka canja wani mai tsabta ka share. In da injin guga za ka yi, ka sa tabarau da takunkumi, ka naɗe hannun riga, kada ka tsaya gaban inji da jallabiya ko wata riga mai yalwa, kuma kada ka danna da ƙarfi wuri ɗaya don zafi na ƙona fuskar.

Ƙyallin ba ya daɗewa in an bar shi haka, iska na dusar da shi cikin 'yan watanni. Ko dai ka riƙa sabunta man gogewar lokaci-lokaci, ko ka yi fenti. Ni a motar haya fenti nake ba da shawara, direban da ke zirga-zirga Gombe zuwa Yola ba shi da lokacin zama goge murfi. Mai fenti ba ya buƙatar kaiwa 2000, ya tsaya a 400 ko 600 don fentin ya samu abin kamawa, ya share da tina, ya fesa firaima ta alminiyom sannan fenti mai jure zafi, sama-sama sau biyu ko uku, yana bin mintunan da aka rubuta a jikin gwangwanin. Da sassafe ake yi kafin iska ta taso da ƙura. A rufe fuskar gasket da ramukan kusa da salatef. Haƙarƙarin injin babur kuwa, su ke sanyaya shi, kada a lafta musu fenti mai kauri.

Wajen ɗaurawa ka fara kowace kusa da yatsa kafin sifana, zaren alminiyom ba ya jure ƙarfi, da ya kwance sai an kai wajen masu gyaran zare.

Aikin wannan mako: ka nemi tsohon murfin injin babur a wajen 'yan gwangwan, da sanfefa kala uku. Ka rubuta lambobinsu a littafinka daga mai kaushi zuwa mai laushi, ka goge rabin murfin ka bar rabi yadda yake, ka sa alama da alli a duk wurin da bai kamata a goga ba, ka zo da shi aji ranar Asabar malam ya duba.