Shirin Tafiya Maldibs

1. Fara da takardu. Ana ba da bizar kwana 30 kyauta a filin jirgin Male, babban birnin ƙasar, amma sai da tikitin dawowa da shaidar masauki. Daga Najeriya, kar ka manta katin rigakafin shawara. Cike fom ɗin IMUGA (fom ɗin bayanan matafiyi na hukumar shige da fice ta Maldibs) a intanet cikin awa 96 kafin ka sauka.

2. Zaɓi tufafin auduga marasa nauyi, saboda zafin can da gumi yake tafe. Ƙasar Musulmi ce, a tsibiran da jama'a ke zaune sai da suturar kirki.

3. Ɗauki hula, silifas, maganin sauro, da leda mai zif don waya, tunda jirgin ruwa ba ya rasa fantsama.

4. Riƙe dala, ana karɓarta kusan ko'ina.