Sanyin da ba na Jos ba: yadda ake shan maganin kilamidiya ya yi aiki

Duk wanda ya kwana a Jos cikin watan Disamba ya san sanyi. Shi ya sa idan mace ta zauna gabana a ƙaramin asibitin da nake aikin jinya ta ce, "Sista, sanyi ne ya kama ni," nake tambayarta wanne daga ciki. Sai ta yi dariya ta sunkuyar da kai. Kalmar sanyi a bakin matanmu buhu ce, komai ana turawa ciki: ƙaiƙayin gaba, fitar ruwa, ciwon mara, zafin fitsari. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke ɓuya a buhun nan ita ce kilamidiya, ƙwayar bakteriya da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Ba daga masai ake ɗaukarta ba, ba kuma daga wanka da ruwan sanyin Filato ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an samu sabon kamu kusan miliyan 129 a duniya, kuma mafi yawan masu ita ba sa jin komai a jikinsu.

Maganinta yana aiki sosai. Abin da nake gani yana lalata shi, yadda ake shansa ne da abin da ke faruwa a gida bayan an bar asibiti.

Fara da gwaji idan da hali. Ana duba ta a fitsari ko a ruwan da aka ɗebo daga bakin mahaifa da auduga. Inda babu na'urar gwajin, likita zai yi miki magani bisa alamomin da kika faɗa, kuma sau da yawa zai haɗa da allurar seftiriyazon guda ɗaya. Kada ki ƙi allurar. Ta gonoriya ce, wata cutar da ita ma ake ɗauka ta hanyar saduwa, domin cututtukan biyu sukan tafi tare kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai.

Maganin da aka fi ba wa wadda ba ta da ciki shi ne doksisaikilin, a jikin kwali za ki ga an rubuta doxycycline. Miligiram 100 ake sha safe da dare, kwana 7 cur, ƙwaya 14 ke nan. Ki ƙirga su tun a kantin magani, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Wanda ake tallarsa a faranti cikin rana a tasha, ki bar wa mai shi. Akwai kuma azitromaisin, giram 1 da ake shanyewa lokaci guda, kuma shi ake ba mai ciki, domin doksisaikilin bai dace da ita ba. Idan al'adarki ta yi jinkiri ko da kwana kaɗan ne, ki faɗa kafin a rubuta miki komai.

Yanzu ga inda na fi ɓata yawu. Wata baiwar Allah daga Unguwar Rogo ta dawo mini tana cewa maganin yana tayar mata da zuciya, don haka da kindirmo take kora shi, ga shi kuma tana shan maganin ƙarin jini a lokaci guda. Ƙarfen da ke cikin maganin ƙarin jini, da sinadarin kalsiyam na madara da nono, da farin maganin nan na ruwa da masu gyambon ciki ke sha, duk suna kama doksisaikilin a hanji su rage abin da zai shiga jini. Na ƙarin jini da na gyambon ciki sun fi nono ɓarna, amma ki ba su duka tazarar awa biyu zuwa uku. Fura da nono ba ta haramta gare ki ba, lokaci kawai za ki sauya mata. Idan tashin zuciya ne matsalar, ki ci abinci tukuna, tuwo ko shinkafa ko dankalin turawan nan namu, sannan ki sha.

Ki kora shi da ruwa kofi guda cike, kina zaune ko a tsaye, kada ki kwanta sai bayan aƙalla minti 30. Ƙwayar maganin tana iya maƙalewa a maƙogwaro ta yi gyambo, mutum ya kwana uku haɗiyar yawu ma tana masa zafi. Masu azumi sukan tambaye ni, sai in ce ɗaya da sahur, ɗaya da buɗa baki, tazarar ta yi daidai, amma a daure kada a koma shimfiɗa nan take bayan sahur. In kin manta sau ɗaya, ki sha da zarar kin tuna, sai dai in lokacin na gaba ya kusa, to kada ki haɗa biyu. Maganin yana kuma sa fata saurin ƙonewa a rana, ranar Jos kuwa mayaudariya ce, iska na kaɗawa tana gasa ki. Mai zama a Taminus ko kasuwar Farin Gada ta nemi inuwa. Wadda ta sha azitromaisin ta yi amai ba da jimawa ba, ta koma ta faɗa, wataƙila a sake ba ta.

A rana ta uku ko ta huɗu za ki ji sauƙi. Nan ne ake ajiye sauran a kan firij, a ce na wata rana. Ki shanye. Zama cikin ruwan zafi da bagaruwa, da matsi, da wanke ciki da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, babu wanda ke kai wa inda ƙwayar take, sai ma su ƙara miki wata damuwar.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da maganar maigida. Mace za ta shanye ƙwaya 14 ba fashi, bayan wata biyu ta dawo da ciwon, ta ce maganin jabu ne. Sai in ce, "Hajiya, Alhaji ya sha nasa?" Ta ce, "Ai shi lafiyarsa ƙalau." Wannan ƙalau ɗin ce matsalar. Namiji yana iya ɗauke da ita ba ya jin ko ɗigon zafi, ya mayar miki da ita a daren farko. Jiki kuma ba ya yin garkuwar da za ta hana sake kamuwa. Ƙa'idar ita ce duk wanda aka sadu da shi cikin kwana 60 da suka wuce ya sha magani, ko da alama ko babu. A gidan da ke da mata biyu ko uku, kowa da kowa ne, uwargida da amarya da maigida, a mako guda. In aka bar ɗaki ɗaya, rabon kwana zai sake zagayowa da ita.

Na san nauyin maganar. Abin da nake gaya wa ma'aurata, kuma gaskiya ne, ƙwayar tana iya zama shiru a jiki wata da watanni, har ta wuce shekara, don haka gwaji ba ya nuna wanda ya kawo ta ko yaushe. Asibiti ba kotu ba ce. Idan bakinki ba zai iya faɗa ba, ki ce likita na son ganinsa. Da yawa daga cikinsu, in namiji ɗan'uwansu ya zaunar da su ya ce, "Malam, haihuwar iyalinka muke karewa," sukan karɓi maganin ba musu. Ba kuma tsoratarwa ba ce: idan cutar ta hau sama tana iya toshe bututun ƙwai, ta jawo ciki a wajen mahaifa ko rashin haihuwa, ta kumbura wa namiji maraina, jariri kuma ya ɗauka wajen haihuwa ya yi ciwon ido ko na huhu.

Sai haƙuri da shimfiɗa. Babu saduwa sai an gama kwana 7 na doksisaikilin, ko an cika kwana 7 bayan shan azitromaisin, kuma lissafin yana bin wanda ya fara nasa a ƙarshe. In ke kin fara Litinin shi ya fara Alhamis, Alhamis ta sama za ku jira.

Idan zazzaɓi ya zo da ciwon mara mai tsanani, ko alamomin ba su tafi ba bayan an gama magani, kada ki jira, ki koma asibiti. In kuwa komai ya lafa, kada ki yi gaggawar sake gwaji a makon farko ko na biyu, domin na'urar tana iya ganin gawar ƙwayar ta ce har yanzu tana nan. Mai ciki ta sake gwaji bayan mako 4. Kowa kuma, mace da namiji, ya dawo bayan wata 3. Ni a bayan katin asibiti nake rubuta ranar da jan biro, in kuma tambayi mace wane biki ko suna ne ke tafe a danginsu a wannan watan, in ce ta biyo ta wurina kafin ta je karɓo ɗinkinta.