Zaɓen Sandar Sinuka: Duba Sirancinta

Ɗan'uwa, kafin ka biya kuɗin sandar sinuka, duba yadda take sirancewa daga gindi zuwa baki. Bakin yawanci milimita 9 zuwa 10 ne, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Ɗora ta kan yatsunka, ka zura ta gaba da baya. In ta yi kauri da wuri daga bakin, tana da tauri, bugunta tsayayye ne. In sirancin ya yi tsawo, takan lanƙwasa.

Ni da wata siririyar sanda na koya a Samaru. Duk bugun ƙarfi sai na ji karkarwarta har gwiwar hannu. Yanzu nakan riƙe sanda in daki gindinta da tafin hannu, in lura da bakin. Wadda ta daina rawa da wuri, ita nake ɗauka.